Madubin Mai Gyaran Talabijin

Gwange, Maiduguri.

Zuwa ga 'yata Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa. Allah ya tsare ki a hanyar Damaturu, ya tsare ki a cikin jirgi, ya sauke ki a hannun mutanen kirki. Na cusa takardar nan ƙarƙashin ƙullin dabino da soyayyar gyaɗar da mahaifiyarki ta sa miki a jakar hannu, don na san nan hannunki zai fara zuwa tun ba ku bar gari ba. Ki karanta a mota. Hanyar Abuja doguwa ce, maganata ma haka, sai su yi wa juna rakiya.

Za ki ga wata 'yar takarda naɗe a cikin wannan. Ba taki ba ce, ta yayanki Modu ce, wanda za ki kwana uku a gidansa kafin jirginki ya tashi. Shekara takwas ke nan ƙafarsa ba ta taka Gwange ba. Kin san ni ne sanadi, ko da yake ba ki san labarin duka ba. Ina so ɗana ya dawo, ko da sallah ɗaya ce mu yi tare. Amma kafin in gaya miki yadda za ki yi da takardar, bari in bi ta doguwar hanya. Kin san halina, ko kuɗin cefane ake tambayata sai na fara da tarihin kasuwa.

Kin tuna ranar da takardar ɗaukarki ta zo, na ce ki zauna a bencin shago ki yi mini bayanin aikin da Hausa zalla, ban da Turanci? Kika jawo tsohuwar tayar keke kika ajiye a ƙasa.

"Baba, ka ɗauka wannan bututu ne, amma zagayensa ya fi filin ƙwallo. An zuƙe iskar ciki kaf. Sai a sako ƙwayoyin lantarki, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, a yi ta kora su har gudunsu ya kusa kamo na haske."

Na ce, "Wa ke korar su?"

"Lantarki ke tura su, maganaɗisu ke juya su."

Na ce, "To ai talabijin ce."

Mahaifiyarki da ta kawo mini abinci ta ajiye kwano ta ce, "Oho! Shekara biyar a jami'a, ga wata huɗu za a ƙaro a ƙasar sanyi, ashe duk gadon gyaran talabijin ake nema. Da kin faɗa tun farko ai da mun huta."

Dariya muka yi, amma ban yi ƙarya ba. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya haka take: a wuyan kwalbarta akwai abin da ke harbo ƙwayoyin nan, akwai naɗin waya mai juya su dama da hagu, su je su bugi gilashi ya haska. Mu masu gyara, bindiga muke kiran abin harbin, amma tun da gari ya rikice na daina ambaton sunan a bakin shago.

Sai kika zo kan naki aikin. Kika ce ba wanda ya isa ya leƙa cikin bututun, alhali dole a san kaurin ayarin ƙwayoyin, da inda ya dosa, da ko yana rawa. Kika ce hanya biyu ce. Ta farko, a zura fallen ƙarfe siriri kamar ɓawon albasa a tare musu hanya. Suna ratsa shi sai haske ya yi tsalle daga jikinsa, kyamara ta ɗauka. Hoto yana fita, amma an hargitsa ayarin, in kuma da ƙarfi suka zo fallen ma ƙonewa yake yi. Ta biyu, a yi haƙuri a je inda maganaɗisu ke karkata su. Duk sanda aka karkata su sai sun zubar da haske, kamar yadda ruwa ke fantsama daga jarkokin mai kura idan ya sha kwana. A sa madubi a wurin, a janyo hasken ta wata 'yar taga zuwa kyamara, a karanta lafiyar ayarin ba tare da an taɓa shi ba. Kika ce wannan ta biyun za ki je ki koya.

Kika tashi kika tafi, ni kuwa na zauna abinci ya huce a gabana. Shekara arba'in ina wannan sana'a, sai ga 'yar da na haifa ta karanta mini kurakuraina da tayar keke. Ga su nan, ki ɗebi abin da zai amfane ki.

Na farko na yi shi ina saurayi, a shagon maigidana Oga Sunday, mutumin kudu maso gabas da ya koya mini aiki a kasuwa. Hausarsa ta sha Kanuri har ta ƙoshi, in yana faɗa sai ka rasa da wane yare ake zaginka. Doka ɗaya yake maimaitawa kullum: "Bukar, hannu ɗaya a aljihu!" Wato in za ka taɓa bayan kwalba, hannu ɗaya kawai za ka sa, don kada wuta ta shiga ta wannan ta fita ta wancan, ta bi ta ƙirjinka. Kwalbar nan kuwa tana da riƙo kamar tsohuwar da aka ci wa bashin gaisuwa. Ko an zare ta daga soket tun jiya, wutar tana nan kwance a cikinta.

Shekara biyu ina bin doka lafiya lau, saboda ina tsoro. A ta uku na iya aiki, har mutane suna cewa yaron ya kusa fin ogansa, ni kuma maganar ta yi mini daɗi. Wata rana da hantsi aka kawo wata, mai ita ya ce kwana biyu ba a kunna ba. Na sa hannu bibbiyu na ɓare robar bayan kwalba kamar mai ɓare ayaba. Ban san sanda na tashi sama ba. Na dai farka a cikin kwalin matattun rediyo, ƙafafu a sama, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe. Oga Sunday ya leƙo a hankali, ya yi mini sannu da Kanuri ya ce, "Wushe, Bukar. Ka gaisa da kakanka? Yaya mutanen can?"

Kin ce a wurinku in injin yana aiki ba mai shiga ramin da bututun yake, kuma duk wanda zai shiga sai ya zare makulli ya riƙe a jikinsa, don kada a kunna yana ciki. Ba na jin tsoron watanki na farko, lokacin kina tsoro. Shekara ta biyu nake ji, ranar da za ki ce minti ɗaya ne kawai, ranar da wani babba zai ce miki ai an kashe. Ki riƙe makullinki ko da shugaban wurin ne ke yi miki dariya. Wuta ba ta cika kama wawa ba, Falmata, gwani take jira. Ke kuma kin fiye kai, shi ya sa na fara da wannan.

Na biyu abin dariya ne yanzu, amma a lokacin ban yi dariya ba. Kin san mai gyara a bayan talabijin yake zama, hoto kuwa a gaba yake fita. Don haka kowane shago akwai madubi a jingine, kana murɗa abu a baya kana kallon sakamako a cikinsa. Madubina na ainihi ya fashe, na sayi wani mai araha, siriri, na bar shi inda ranar Maiduguri ke dukansa tun safe har la'asar. Ban lura ya lanƙwashe ba.

Sai Bulama, wani dattijo manomi daga Konduga, ya kawo talabijin ɗinsa, murya ce kawai ta ɗauke. Kafin azahar na gyara murya. Na kunna, na dubi madubi, sai na ga kan mai karanta labarai ya karkace kamar gora. Na ce a'a, kayan dattijo ba zai bar shagona haka ba. Kwana biyu ina kwance naɗin waya, ina matsar da maganaɗisu, ina gumi, har mutumin ya miƙe tsaf a madubi. Ko sau ɗaya ban zagaya na dubi gilashin da idona ba. Na naɗe ta da bargo na ɗora masa a mota, ina jin kaina.

Bayan mako guda sai ga Bulama. Ya yi sallama, ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Malam Bukar, aikinka ya yi kyau, murya tas. Sai dai bawan Allah nan mai labarai, me ya same shi a wuya? Duk unguwarmu addu'a muke masa."

Na ɓata lafiyayyen abu don ya yi daidai da karkataccen madubi. Da na ba ki labarin nan kwanan baya kin ce ku ma haka ne: hasken da ke fitowa daga injin yana da zafi, yana gasa madubin har ya lanƙwashe, sai hoto ya nuna ayari ya yi ƙiba alhali lafiyarsa ƙalau. To ki fara tuhumar madubi kafin ki tuhumi inji. In hoto ya fito da muni, ki binciki abin da kike kallo da shi. In kuma ya fito daidai yadda kike fata, ki bincika sau biyu, don wannan ya fi yaudara. Ranar da kika gano kuskuren naki ne, ki riga kowa faɗa. Ni na gaya wa Bulama gaskiya, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, muka zama aminai. Da na ɗora wa gidan talabijin laifi, da na rasa shi.

Wannan ba a kan inji kawai ya tsaya ba. Za a kawo miki labarin mutane a can, wance ta ce, wane ya yi. Mai kawo labari madubi ne, ki duba ko ya sha rana. Kewar gida ma tana lanƙwasa abu, sai ki ga wanda bai amsa gaisuwarki ba kamar maƙiyi, alhali sanyi ne ya hana shi buɗe baki. Amma a duk madubin da na taɓa kallo, babu mai karkata kamar tsoro.

Wannan ya kawo ni na uku, wanda ba dariya a cikinsa.

Kina makarantar kwana lokacin. Shekarun nan ne da aka katse layin waya, kowane lungu da shingen bincike, uba yana kallon ɗansa yana lissafin abokansa. Modu yana da shekara goma sha tara, yana aiki tare da ni, hannunsa ya fi nawa kyau. Sai ya fara ɓacewa bayan azahar, ya dawo kafin magariba da ƙura har gwiwa, in na tambaya ya ce yana wajen abokai. Sannan na fara neman kaya a shago ina rasawa: ƙananan batura, guntayen waya, 'yan makunnai, dalma. A wata shekarar daban, da na ce yaro yana wasa da sana'ar ubansa. Amma a Gwange ta wancan lokaci, batir da waya da makunni a aljihun saurayi, ba sai na gaya miki abin da ya zo mini a rai ba.

Ina da hanya biyu, irin naki. Da na yi haƙuri na lura da shi: yana cin abinci, yana tsokanar mahaifiyarsa, yana sallah a sahu ɗaya da ni, bai daina gaida kowa ba. Duk wannan haske yana zubowa a gabana, ban karanta ba. Ko da na kira shi ɗaki mu biyu, da ya isa. Ni kuwa tare hanya na yi. Ya shigo da la'asar, dattawan lungu huɗu suna zaune a benci, na kama aljihunsa na zazzage a ƙasa. Batura suka gangara har gaban ƙafafunsu. Na ce da ƙarfi, "Wa kake haɗa wa? Su wa suka aiko ka?"

Ya dube ni, ya dubi mutanen, ya sunkuya ya tsince baturan ɗaya bayan ɗaya ya ajiye mini a kan tebur.

Magana zarar bunu ce. Kafin isha ta zaga lungu, washegari ta haura titi. A wancan lokacin irin wannan magana tana iya cin ran yaro kafin a tambaye shi sunansa. Mahaifiyarki ba ta yi shawara da ni ba, ta sa shi a motar Abuja a rana ta biyu. Ta yi daidai.

Wata guda bayan haka sai ga Bulama a ƙofar shago, ya rame. Ashe an kore su daga Konduga, suna zaune a rumfuna ta wajen Dusuman. Ya ciro wani abu daga aljihu: gwangwanin madara, an huda shi an sa ɗan ƙaramin ƙwan fitila da batir da makunni. Ya ce, "Ina yaron nan naka mai hankali? Ya daina zuwa. Kusan kowace rumfa ya yi mata irin wannan, mata suna ganin kunama kafin ta ga yaransu. Nawa gwangwanin ne ya mutu, na ce bari in kawo asibitinsu."

Na buɗe gwangwanin. Akwai wani ƙulli da Oga Sunday ya koya mini, ana yi wa waya kafin a ɗiga mata dalma, don in an fizga ƙullin ya ɗauki nauyi. Ni na koya wa Modu. Ga shi nan a ciki, ƙarami, tsaf. Ya ɓoye mini ne don na hana shi fita bayan gari, na kuma hana a taɓa kayan shago. Ɗana fitila yake kai wa mutane.

Kin ga kuskure ɗaya, amma biyu ne. Na biyun ya fi tsawo: shekara takwas ban ce masa komai da bakina ba. Na aika kawunku, na aika liman, na sa mahaifiyarki ta riƙa cewa Baba yana gaishe ka. Shi ma ya riƙa cewa yana amsawa. Ina zaune a baya ina murɗe-murɗe, ina kallon ɗana ta madubin mutane. Na ce wa kaina uba ba ya ba ɗa haƙuri. Ban san wanda ya kafa dokar nan ba, amma na tabbata bai taɓa zama a shago da kujera biyu shi kaɗai ba.

Shawarar a nan gajera ce. Duk wanda kike so, kada ki bincike shi a gaban jama'a. In tsoro ya nuna miki abu, ki kwana a kai. In kuma kin yi ɓarna, a wurin da kika yi ta za ki gyara, da bakinki, tun dalma ba ta huce ba.

Yanzu ga abin da ya ba ni ƙarfin rubuta wannan. Kin tuna lokacin da aka kayar da turakun wuta, gari ya yi watanni ba lantarki, ƙarfen dalmata ya yi sanyi har gizo-gizo ya yi masa saƙa? Kin tuna wata mota ta tsaya, mutum biyu suka kafa sola a rufin shago, suka ce su dai an ce su kafa, ba a ba su suna ba? Na tambayi mahaifiyarki, ta ce, "Ni na san sola? Wataƙila aljanun talabijin ɗinka ne suka ji tausayinka." Ta faɗa tana kallon tukunya, ita da ba ta iya ƙarya ba.

Da suka tafi na ɗauki sukudireba na buɗe akwatin da wayoyin suka haɗu, hannu ɗaya a aljihu. Kowace waya da ƙullinta, Falmata. Goma sha biyu na ƙirga. Modu, mai sana'ar sola a Abuja, yana da yaran aiki, ba ya bukatar ya zauna ya ƙulla waya da hannunsa, sai in yana so wanda zai buɗe ya gane. Ban taɓa shi ba, ban tambaye shi ba. Rayuwa ce ta sha kwana, haske ya zubo. Na gani tun lokacin, girman kai ya sa na yi kamar ban iya karatu ba, sai da kika zo da tayar kekenki.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, na tara dattawan benci. Uku suka rage cikin huɗun, Allah ya jiƙan na huɗu. Na kira Bulama ma, da matasan lungu da suka tsaya kallo. Na ajiye gwangwanin madarar nan a tebur na kunna, na ba da labarin tun daga farko, na ce ƙazafi na yi wa ɗana a wannan wuri, a wannan wuri nake janyewa. Sai Bulama ya gyara zama ya ce, "Malam Bukar, duk Gwange ta sani tuntuni. Kai kaɗai muke jira, kamar yadda muka jira wuyan mai labarai ya miƙe."

Abin da ke cikin 'yar takardar ke nan, layi huɗu, da hannuna.

Ga roƙona. Kada ki miƙa masa a bakin ƙofa, kada ki ba shi a gaban matarsa ko yaran aikinsa, kada ki tsaya a kansa kina jiran amsa. Na san ki da son a yi ta ta ƙare, irin nawa ne. Ki ci abincinsu, ki yi wasa da 'yarsa da ban taɓa gani ba, ki ƙirga mini haƙoranta. Ranar da zai kai ki filin jirgi, ki saka takardar a akwatin kayan aikinsa, kusa da dalma, inda hannunsa zai kai shi kaɗai. In kin sauka kin kira gida, ki gaya mini abin da idonki ya gani a gidan, kada ki ƙara gishiri don ki faranta mini. Sauran tsakanina da shi ne, da Allah.

Ke kuma ki tafi da zuciya sake. Gari yana farfaɗowa, kasuwa ta cika, Bulama har ya fara maganar iri da damina. Ki ci abinci mai zafi, ki nemi alƙibla tun ranar farko, ki sayi takalmin sanyi kada ki ce na Maiduguri zai yi. In kin ga hasken nan a kyamara karo na farko, ki ɗauko mini hotonsa. Ina so in nuna wa 'yan benci irin talabijin da 'yata ke gyarawa.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani, ya kare ki daga sharrin ƙarfe da wuta da mugun aboki. Ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce kada ki cinye dabinon kafin Potiskum.

Jiya na goge madubin shago, mai kauri ne wannan, na gwada shi ba ya ƙarya. Na ɗan juya shi kaɗan yana kallon bakin lungu. Ko ina sunkuye a bayan talabijin, zan ga mai shigowa tun daga nesa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Bukar mai talabijin.